SysML, UML ko Capella: da wanne za ka fara koyon karanta zanen tsarin injiniya?

Ɗan ƙanwata ya gama karatun injiniyan lantarki a Tek, wato jami'ar KNUST ta Kumasi, yanzu yana cikin shekarar hidimar ƙasa. Wata Asabar bayan la'asar ya shigo gidanmu a Aboabo da laftof a hammata, ya buɗe mini wani shafi da wani kamfanin waje ya turo masa cikin gwajin ɗaukar aiki. Akwatuna ne maƙil, layuka sun sarƙe, nan kibiya, can ɗan baƙin daimon irin na karta. Ya ce, "Kawu, shekara huɗu ina zana da'irar lantarki, amma wannan ko ta ina zan kama shi ban sani ba. Wani ya ce in fara da UML, wani ya ce SysML, wani kuma ya ce in rabu da su duka in sauke Capella."

UML da SysML harsunan zana tsari ne, Capella kuwa manhajar yin irin wannan zane ce. Na ce ya rufe laftof ɗin mu zagaya bayan masallacin unguwa. Akwai bohol a wurin, da famfo a cikin rijiyar, da farantan sola a kan rufi, da inbata, da baƙin tanki mai cin lita 5,000 a kan ƙarfe. Shi da kansa ya taya aka ja wayoyin. Duk abin da zan faɗa a nan da wannan bohol muka gwada shi, don mai koyon sabon harshe gara ya fara da zancen da ya riga ya sani.

Kafin a zo kan zaɓi akwai abin da ke cinye wa masu koyo wata da watanni. A wannan fanni ainihin kayan yana cikin samfuri ne, wato rumbun da ke cikin kwamfuta inda aka rubuta kowane ɓangare na tsarin sau ɗaya tak, da sunansa da alaƙarsa da sauran. Zane kuwa taga ce da ake leƙa rumbun ta cikinta. Famfo guda zai iya bayyana a zane biyar, in ka sauya sunansa a ɗaya ya sauya a duka. Kuma mai zanen ne ya zaɓi abin da zai nuna maka a kowace taga. Don haka in ba ka ga fiyus a zane ba, kada ka tashi a taro ka ce an manta da fiyus. Tambayi kanka tukuna: wace tambaya aka yi wannan zane don ya amsa?

UML

Shi ne uban SysML. Mutum uku ne suka haɗa shi a kamfanin Rational, Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson, ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja ta karɓe shi a 1997. Yanzu yana da nau'in zane 14. Amfaninsa a fili yake: darasinsa ya cika YouTube, kuma duk ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ka tare a Ayeduase zai iya nuna maka shi a kan benci. Sai dai don masu rubuta manhaja aka ƙera shi. Da muka ce bari mu zana bohol da shi, nan take muka cije. Ba shi da zanen sharuɗɗa, ba shi da zanen lissafi, kuma ruwan da ke kwarara a bututu ba ya zama daidai a harshen da aka gina don saƙonni tsakanin guntayen manhaja. Wanda zai je Accra ya rubuta manhajar banki ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, UML ya ishe shi. Wanda kayansa ƙarfe ne da waya da ruwa, zai kashe rabin lokacinsa kan zanukan da ba zai taɓa buɗewa ba. Amma wanda ya riga ya iya shi bai yi asara ba, don zane huɗu ne SysML ya ɗauko daga gare shi kusan yadda suke.

SysML, siga ta farko

Nan zan daɗe, don nan ne kasuwar take. Ƙungiyar injiniyoyin tsari ta duniya, INCOSE, wadda aka kafa a 1990, ita ta haɗa kai da OMG suka nemi a rage UML a kuma ƙara masa abin da injiniya ke buƙata. An fitar da kiran neman wannan sabon harshe a 2003, siga ta 1.0 ta SysML ta fito a 2007. Zanensa tara ne. Biyu sababbi ne fil, na sharuɗɗa da na lissafi.

Abu na farko da na nuna wa yaron shi ne kusurwar sama ta hagu. Kowane zanen SysML yana cikin firam, kuma a wannan kusurwa akwai ɗan rubutu da ke faɗa maka irin zanen: bdd, ibd, req, par, act, sd, stm, uc ko pkg, sai sunan abin da zanen ya shafa. Shafin da ya rikita shi ashe ibd ne, shi kuwa yana ta karanta shi kamar bdd. Bai ko kalli kusurwar ba.

Kowane ɓangare a SysML bulo ake ce masa, kamar bulon gini. Zanen bdd jerin kaya ne, irin wanda mai sito yake riƙewa: me da me ke cikin tsarin, kuma guda nawa. Baƙin daimon yana zama ne a jikin babba, layin ya tafi ga ƙaramin da ke cikinsa. Wato daimon a jikin "Tsarin Ruwa", layi zuwa "Tanki", ma'ana tanki ɓangare ne na tsarin. Farin daimon na nufin abin yana cikin harkar amma ba mallakin tsarin ba ne, kamar wutar kamfanin lantarki na ECG da ake jonawa in rana ta ƙi. Farar alwatika kuma "nau'i ne na" take cewa: famfon cikin rijiya da famfon sama duk suna nuna "Famfo" da alwatikarsu. Lambobin bakin layi su ne adadi. In ka ga 6 a gefen farantin sola, shida ne. In ka ga 0..1 a gefen janareta, ana iya sa shi ana iya barinsa. In ka ga 1..* kuwa, ɗaya ne zuwa abin da ya samu.

Zanen ibd shi ne ake buɗe cikin bulo a ga wa ke jone da wa. Ƙananan murabba'ai a gefen akwati ƙofofi ne, layin da ya haɗa ƙofa da ƙofa waya ce ko bututu, ƙaramar baƙar alwatika a kan layin tana nuna abin da ke wucewa da inda ya nufa. Amma inda kowa yake tuntuɓe shi ne sunan akwatin, da ake rubutawa da ɗigo biyu a tsakiya. Na ce masa ya tuna fita, wato makanikin mota, a Magazine ta Suame. In fita ya ce "taya", nau'in kaya yake nufi. In ya ce "tayar gaba ta hagu", gurbi yake nufi a jikin mota. Rubutun "gabaHagu : Taya" ke nan: kafin ɗigo gurbi, bayan ɗigo nau'i. A bdd nau'i ake fayyacewa, a ibd gurbi ake nunawa. Na sha lura cewa mutumin da ya taɓa kwance inji da hannunsa ya fi saurin kama wannan fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa.

Zanen stm, na halin da na'ura ke ciki, shi ne ya biya mu wahalarmu a ranar. Akwatuna masu lanƙwasasshiyar kusurwa su ne halaye: "Famfo a kashe", "Famfo na turo ruwa". Rubutun kan kibiyar da ke tsakaninsu kashi uku ne a jere: abin da ya faru, sharaɗin da dole ya cika, sai abin da za a yi. Muka rubuta: rana ta fito [tanki bai cika ba] / kunna famfo. Muka ja ta komawa: tanki ya cika / kashe famfo. Yaron ya tsura wa takardar ido, can ya ce, "Kawu, to in rijiyar ta ja baya cikin hunturu fa? Babu kibiyar da ta fita daga nan." Haka ne kuwa. In ruwa ya ƙafe, famfo zai yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Muka je muka buɗe akwatin inbata. Ashe gurbin na'urar gane ƙarancin ruwa yana nan, waɗanda suka yi aikin ba su taɓa jona wayarsa ba. Mai karatun stm da ya ƙware, kibiyar da babu ita yake nema.

Zanen req na sharuɗɗa ne. Kowane akwati na da lamba da jimla guda, misali a cika tanki kafin la'asar. Tsittsinkakkun kibiyoyi ne ke shigowa, ɗauke da kalmomi irin su satisfy, wato wannan ɓangare ne ke cika sharaɗin, da verify, wato wannan gwaji ne ke tabbatar da shi, da deriveReqt, wato wannan sharaɗi daga wancan aka ciro shi. A nan na taɓa shan kunya a wani wurin aiki. Na karanta kibiyar a juye, na yi ta musu da mutane har aka nuna mini da yatsa. Kibiyar tana tashi ne daga mai dogaro ta sauka kan wanda aka dogara da shi: daga famfo zuwa sharaɗi, daga gwaji zuwa sharaɗi, daga ƙaramin sharaɗi zuwa wanda ya haife shi.

Zanen par lissafi ne da aka ɗaure da kayan. Girman tanki daidai yake da saurin ruwa sau lokaci. Famfo mai turo lita 20 a minti zai cika tankinmu a minti 250, wato awa huɗu da minti goma. Layukan wannan zane ba su da kan kibiya, da gangan, don lissafin yana tafiya ta kowane gefe: ba shi lokaci ya ba ka girman famfon da za ka saya. Mai sola a Kumasi ya san amfanin wannan in Yuli da Agusta suka zo da hadarinsu.

Sauran ba su da wuya. A sd, zanen jerin saƙonni, lokaci daga sama yake gangarowa ƙasa. Zana sayen katin mita da MoMo, waya da kamfanin kuɗi da ECG da mita kowanne da layinsa a tsaye, saƙonni na tsallakawa, akwatin da aka rubuta alt a kansa ya raba "kuɗi sun isa" da "ba su isa ba", ka gama. Zanen act jerin aiki ne, daimon mararraba, kaurin sanda ayyukan da ke tafiya tare. Na uc, mai nuna wa ke amfani da tsarin don yin me, da pkg, mai nuna yadda aka kasa samfurin rukuni-rukuni, kwana ɗaya ya ishe su.

Aibin SysML biyu ne, kuma ba ƙanana ba. Na farko, harshe ne kawai, ba ya gaya maka daga ina za ka fara ko yaushe ka gama. Kamar a ba ka ƙamus a ce rubuta wasiƙa. Na biyu, kayan aikinsa na gaske da tsada suke. Cameo, wanda ya koma hannun Dassault na Faransa a 2018, da Rhapsody na IBM, kamfanoni ne ke saye, ba ɗan hidimar ƙasa mai jiran alawus ba. Enterprise Architect na Sparx ya fi sauƙi amma shi ma da dala ne. Na kyauta akwai Papyrus, mai nauyi da wuyar sabo, akwai Gaphor, mara nauyi amma bai kai su zurfi ba. Sai dai mai koyon karatu ba ya buƙatar ko ɗaya a watan farko. Biro da bayan tsohuwar kalanda sun isa.

Capella

Wannan daga Thales ya fito, kamfanin Faransa mai ƙera kayan jiragen sama da na tsaro. Sun tsara hanyar aiki mai suna Arcadia, suka ƙera Capella don bin ta, daga baya suka sake shi kyauta ƙarƙashin gidauniyar Eclipse mai kula da manhajojin kyauta. Abin da SysML ya rasa shi ne ƙarfinsa: yana kama hannunka mataki-mataki. Farko nazarin abin da mutane ke buƙata, sai abin da tsarin zai yi musu, sai ginin tunani wanda ba a ambaci ƙarfe ba tukuna, sai ginin zahiri, sai rabon kayan da za a ƙera ko a saya.

Matakin farko ne ya ba yaron mamaki. Ba a yarda ka ambaci famfo ba. Masallata kawai, da ladan, da matan da ke zuwa ɗiban ruwa, da abin da kowa ke so da lokacin da yake so. Muna jerawa sai ga shi ɓaro-ɓaro: ana buƙatar ruwan alwala da asuba, lokacin da babu rana ko kaɗan, kuma ranar Juma'a buƙatar ta ninka. Ashe maganar girman tanki ta riga maganar ƙarfin famfo. SysML ba zai hana ka gano haka ba, amma ba zai tilasta maka ba.

Karatunsa ma ya fi daɗin ido, don launi na da ma'ana. Kore aiki ne, shuɗi ɓangaren da ke yin aikin, rawaya ƙarfen da yake zaune a kai. Ana kuma iya haskaka sarƙar ayyuka guda, daga hasken rana har bakin famfon alwala, ka bi ta da yatsa. Da zarar ka sauke shi ba ya neman intanet, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen data da sidi biyar-biyar. Amma yana son laftof mai ƙarfi, tsohuwa za ta yi ta nishi, batir ya tsiyaye in an ɗauke wuta.

Abin da za a sani shi ne Capella ba SysML ba ne, ko da suna kama. Ba shi da zanen lissafi irin par, sharuɗɗa kuma sai an ƙara masa wani ƙari. In tallar aiki ta ce SysML, aka ɗora maka bdd a gaba, sanin kore da shuɗi ba zai fassara maka baƙin daimon ba.

Sabuwar siga, da OPM

OMG ta amince da SysML siga ta 2 a Yulin 2025. Ta bar gindin UML ta koma kan wani sabon tushe mai suna KerML, kuma ana iya rubuta samfuri da haruffa kamar manhaja, ba sai da zane ba. Ka rubuta part def Famfo, ka fayyace nau'i. Ka rubuta part famfo1 : Famfo, ka sa shi a gurbi. Rikicin taya da tayar gaba ta hagu an warware shi tun daga nahawun harshen. Akwai kayan gwajinta kyauta, har da SysON na kamfanin Obeo. Nan aka dosa, ba shakka. Sai dai samfuran da aka tara tun 2007 da tsohuwar siga aka yi su, kuma su za a ɗora wa sabon ma'aikaci a tebur. Wanda ya iya ta farko, ƙaura zuwa ta biyu ba za ta ba shi wuya ba. Wanda ya saba rubuta manhaja ne kaɗai zan ce ya haɗa su tare tun yanzu.

OPM kuwa wani harshen zane ne daban, na Farfesa Dov Dori, yana da lambar ISO 19450. Nau'in zane ɗaya ne kacal: abu a akwati, aiki a siffar ƙwai, kuma kowane layi yana da jimlar Turanci da ke fassara shi. Yini guda ka fara karanta shi. Yana gyara tunani, amma ni dai a takardun da suka taɓa ratsa hannuna ban cika haɗuwa da shi ba.

To, wanne?

Akwai wata gaskiya ta gida da ya kamata a faɗa. In burinka ma'adinai ne a Obuasi, ko tashar wuta ta Anwomaso, ko masana'antun Tema, zanen bututu da na'urori da ake kira P&ID da zanen lantarki mai layi ɗaya su za su fara tare ka a ƙofa. Ka tabbata ka iya su kafin ka ɗauki waɗannan. SysML da Capella sun fi yawo a harkar jiragen sama, jirgin ƙasa, motoci, tsaro da na'urorin asibiti, wato ga mai neman aiki da kamfanin waje ko digiri na biyu a Jamus, Faransa ko Amurka.

Ga mai irin wannan buri, wanda abin da ke gabansa shi ne a miƙo masa zane ya faɗi abin da ya ce, ni SysML siga ta farko zan ce ya fara da ita, a takarda, kuma kada ya bi taran a jere. Ya riƙe bdd da ibd har sai ya daina rikita nau'i da gurbi, ko da zai ci mako biyu a nan. Sai stm, sai req, sauran su biyo. In yana son takardar shaida, OMG na da jarrabawa mai suna OCSMP, hawa huɗu, kuma hawan farko karatun zane da fassara shi kaɗai yake aunawa. Ita ce ta dace da wannan buƙata, fiye da ASEP ta INCOSE wadda ilmin fannin baki ɗaya take tambaya. Da dala ake biya, don haka kada a yi rajista sai an ga ana karanta zanen baƙo ba tare da leƙa littafi ba.

Wanda kuma yake da aikin kansa a hannu, ɗalibin shekarar ƙarshe ko mai ƙera na'urar busar da koko ko injin niƙa da yake son ya tsara tunaninsa, ba ya jiran jarrabawar kowa, ya sauke Capella yau. Zai koyi abin da ya fi alamomi wuya, wato tambayar mutane buƙatarsu kafin a sayi ƙarfe. UML a bar wa masu manhaja.

Yaron ya zaɓi SysML, saboda gwajin da ke gabansa. Na ba shi sharaɗi guda: kowane mako ya zano mini abu ɗaya da ya sani da hannunsa, ya kawo in karanta ba tare da ya buɗe baki ba. Inda na karanta ba daidai ba, sai mu duba ko laifin zanensa ne ko na idona. Makon farko makunnin sauya wuta na gidansu ya kawo, tsakanin ECG da janareta, ya manta halin da ake ciki in wuta ta dawo janareta na tsaka da aiki. Mako na biyu ya kawo injin markaɗen mahaifiyarsa, baƙin daimon duk a juye, na mayar masa. Wayar inbatar masallaci kuwa, kwamiti ya ba shi kuɗin na'urar, ya sayo a Adum, ya jona ta kafin hunturu ya shigo.